Suga na gani a fitsari, ashe hanta ce ke ciwo

Matata ce ta fara lura da kiyashin. A daminar 2020 ne, lokacin an fara sassauta kullen korona. Wata safiya tana wanke makewayi ta kira ni, ta nuna mini bakin rariya inda nake tsugunawa da dare. Kiyashi ne suka yi dafifi kamar an zubar da zuma. Ta ce, "Malam, kwana uku ke nan ina wanke wurin nan suna dawowa. Kuma inda yara ke zuwa ba sa taruwa." Na ce mata damina ce, ƙwari sun yi yawa. Amma a raina na san wata biyu ke nan ƙishirwa ba ta barina, ina kuma tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin kiran assalatu.

Ni tela ne a Zariya, na fi shekara 20 a kan keke. An haife ni a 1980 a wani ƙauye yamma da gari. Mu bakwai Inna ta haifa, dukkanmu a ɗaki. Wanzami ɗaya ne ya yi mana askin suna, shi ya cire mana beli, shi ya yi mana kaciya da hunturu mu goma sha wani abu a zaure ɗaya, da aska ɗaya. Ba na kawo wannan don in zargi kowa. Abin da suka gada ke nan, kuma da ƙauna suka yi mana shi.

Yayana da nake bi ya rasu a 2011 yana da shekara 38. Manomi ne ƙaƙƙarfa, wanda yake ɗaga buhun masara shi kaɗai. Cikin wata biyar ya rame ya zama ƙashi da fata, ciki kuwa ya kumbura yana ƙyalli, idanu suka yi ɗorawa. Wasu suka ce sammu ne saboda rikicin gona. Muka zaga da shi wurin masu magani har huɗu. Ranar da ya yi aman jini ne muka ɗauko mota, ya cika a hanya kafin mu kai gari. Babu takarda, babu gwaji, babu wanda ya faɗa mana sunan abin da ya kashe shi. Muka karɓi gaisuwa, muka ce kwana ya ƙare.

Bayan shekara uku ni ma idanuna suka yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi. Kowa ya ce shawara ce, kuma mai shawara ba a kai shi asibiti, wai allura kashe shi take yi. Na yarda da wannan magana har cikin zuciyata. Inna ta aiko da saiwar rawaya da wasu saƙe-saƙi, na sha sati uku, idanu suka washe. Muka yi hamdala. Yanzu na gane cewa ranar ce aka ƙwanƙwasa mini ƙofa na ƙi buɗewa.

To da maganar kiyashi ta ƙi ƙarewa, sai na je kemis na unguwarmu bayan la'asar, na ci shinkafa na ƙoshi. Mai kemis ɗin ya ba ni 'yar kwalba na kawo fitsari, ya tsoma wani siririn tsinken gwaji, nan take kansa ya sauya launi. Ya ce, "Suga ne, ba ko tantama." Ya ce in dawo da safe ban ci komai ba. Da na dawo ya soki yatsana, na'urar ta nuna 94, wato daidai da na mai lafiya. Ya ɗan yi shiru yana kallon lambar, sannan ya ce irin sugan nan ne mai ɓuya. Ya ba ni ƙananan ƙwayoyi farare, sunansu glibenclamide, in sha ɗaya kullum da safe.

Na daina shan shayi da suga, na rage tuwo, na koma cin acca da ganye. Kiyashi suka ragu, matata ta yi murna. Sai dai wani sabon abu ya shigo. Wajen ƙarfe 11 na safe sai hannuna ya kama karkarwa har in kasa zura zare a allura, gumi mai sanyi ya karyo mini, zuciya na dukan uku-uku. In na aika yaro ya sayo lemon kwalba na sha, sai in dawo hayyacina. Damatsana suka zube, wuyana ya fito, amma ciki yana ƙaruwa. Abokan hira suka riƙa cewa tela ya yi tumbi, kuɗi sun zauna. Ga ciwon baya na zaman keke, wanda nake kashewa da diclofenac kusan kullum. Haka na yi wata takwas.

Azumin 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu, tsakiyar bazara. Duk tela ya san goman tsakiya zuwa goman ƙarshe ba a barci. Ɗinkin Sallah ya cika shago har bakin ƙofa. Nakan sha ƙwayar da sahur, tunda da safe aka ce. Ranar 19 ga azumi, wajen ƙarfe uku na rana, abin da na iya tunawa shi ne ina ɗinka wuyan wata riga shadda, sai na ga layin zaren ya zama biyu. Sauran labarin yaran shagona ne suka ba ni. Sun ce na miƙe ina surutai marasa kan gado, na ture keke, na faɗi ina mimmiƙewa. Suka ɗauka iska ce, ɗaya ya fara yi mini tofi. Maƙwabcina mai sayar da zare da maɓalli, Allah ya saka masa da alheri, shi ya daka musu tsawa ya tsayar da a-daidaita-sahu.

A asibiti suka soki yatsana, suga ya nuna 34, wato ya faɗi ƙasa ƙwarai. Aka ɗura mini ruwan suga ta jijiya, na buɗe ido na ga matata tsaye a kaina tana kuka. Na ɗauka an gama, za a sallame ni in koma kan ɗinkin mutane. Amma ma'aikaciyar jinya ta karɓi fitsarina, ta ɗaga kwalbar ta dube ta a haske, ta ce, "Malam, tun yaushe fitsarinka yake da duhu haka?" Na ce ai zafi ne da azumi. Ba ta ce komai ba, ta kai ɗakin gwaji.

Tsinken da suka yi amfani da shi ba irin na kemis ba ne. Wannan yana da 'yan gidaje har goma, kowanne da abin da yake nema. Gidan suga bai nuna komai ba a ranar. Wanda ya sauya launi shi ne na bilirubin, sinadarin nan mai sa idon mai shawara ya yi rawaya, wanda bai kamata a same shi a fitsarin mai lafiya ba. Likitar da ta zo matashiya ce, ba ta kai ƙanwata ba. Ta danna cikina ta hagu ta ce saifata ta kumbura. Ta ƙwanƙwasa gefen cikin ta ce akwai ruwa. Ta juya tafin hannuna ta duba. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta tambaye ni, "Malam, a gidanku akwai wanda ya taɓa rasuwa da kumburin ciki?"

Na kasa ba ta amsa. Matata ce ta ce, "Yayansa."

Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma ta daɗe tana aiki. Hoton ciki ya nuna hantar ta ƙanƙance, ta yi tabo, ta taurare. Sirosis suke kiransa. Na ce, "Likita, ni fa ciwon suga nake da shi. Ban taɓa shan giya ba a rayuwata." Bayanin da ta yi mini ban manta da shi ba, domin da harshen da ɗan ƙauye zai gane ta yi shi.

Ta ce hanta rumbu ce. Idan ka ci tuwo ya narke ya zama suga a jini, hanta ce ke kwashe rarar ta adana, kamar yadda ake zuba hatsi a rumbu da kaka. In dare ya yi, ko kana azumi, sai ta riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan tana ba jiki. Tawa kuwa tabo ya cinye ta. In na ci abinci ba ta iya kwashewa da sauri, wani jinin ma kewaye ta yake yi ta wasu jijiyoyi, jikin kuma ya daina jin insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, yadda ya kamata. Sai suga ya hau. In ya haura wajen 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar a fitsari. Abin da kiyashi suka gano ke nan. Da safe kuwa, bayan dogon dare, rumbun ba komai a ciki, shi ya sa na'urar kemis ta nuna 94. Sai ga shi an ba ni ƙwaya mai tilasta wa suga sauka, ƙwayar da ita kanta hanta ce ke narkar da ita, saboda haka take daɗewa a jikina fiye da ƙima. Na haɗa ta da azumin bazara. Ta ce, "Allah ne ya yi da sauran kwananka, Malam."

Daga baya suka tabbatar da maganarta da wani gwaji. Na zo ban karya ba, jini ya nuna 91. Aka dama mini giram 75 na gulukos a kofi na shanye, na zauna a benci awa biyu, aka sake ɗiba: 236. Wani gwajin kuma da ake yi wa masu suga don a ga matsakaicin wata uku, HbA1c, ya nuna lafiyata ƙalau. Likitar ta ce kada in yarda da shi, domin kumburarriyar saifa tana kashe jajayen ƙwayoyin jini tun ba su tsufa ba, sai lissafin ya fito ƙasa da gaskiya. Ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu taurin hanta suna da ciwon suga, kuma da yawansu gwajin safe ba ya kama su.

Abin da ya fi ci mini rai a kwanakin nan shi ne sanin inda na tsaya. Saura nawa? Da kaina na tambaya. Ta nuna mini yadda suke aunawa da wani ma'auni mai suna Child-Pugh. Abu biyar ake haɗawa: yawan bilirubin a jini, yawan albumin wanda hanta ke ƙerawa, saurin daskarewar jini, ruwan ciki, da ruɗewar tunani. Kowanne a ba shi maki ɗaya zuwa uku. Maki 5 ko 6 shi ne rukunin A, 7 zuwa 9 rukunin B, 10 zuwa 15 rukunin C. Ni na samu 8. Na riƙe takardar ina kallon harafin B, ina tunanin Yaya, wanda babu shakka ya kai ƙarshen C muna yawo da shi gidajen masu magani.

Akwai wani ma'aikacin ɗakin gwaji da na daɗe ina yi wa ɗinki. Da ya ji labari ya zo duba ni, daga baya ya riƙa biyowa shago da yamma. Na ce masa abin da ke ba ni mamaki shi ne fitsari ya faɗi gaskiya sau biyu, a makewayi da a asibiti, amma sai a karo na biyu aka samu mai fahimta. Ya ce ai likitoci sun fi shekara 100 suna neman labarin hanta a fitsari ta hanyar suga. A 1906 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Richard Bauer, ya fito da wata dabara. Akwai wani nau'in suga mai suna galaktos da ake samu daga madara, wanda kusan hanta ce kaɗai ke sarrafa shi. Sai a ba mutum giram 40 ya sha, a tara fitsarinsa na awa biyar. Lafiyayyiyar hanta za ta kwashe kusan duka. In aka samu fiye da giram 3 ya zubo a fitsari, alama ce hantar ta gaza. Ya ce an bar wannan hanya da aka samu gwaje-gwajen jini da suka fi ta, amma tunanin bai mutu ba. A 2010 masu bincike daga Landan da Jos sun wallafa wani aiki da suka yi a kan fitsarin 'yan Najeriya, masu kansar hanta da masu taurin hanta da masu lafiya, inda wata babbar na'ura ta iya rarrabe su ta sinadaran da jiki ke zubarwa. Har yanzu a matakin bincike abin yake, a asibiti jini da hoto ne ke yanke hukunci.

Wannan hira ta zauna mini a rai. Na san mutanenmu. Na san da yawa za su gudu in aka ce za a ɗebi jininsu, wasu su ce sayarwa za a yi. Amma fitsari ba wanda zai hana. Ina roƙon Allah ya nuna mana ranar da tsinke ɗaya mai araha zai gaya wa ma'aikacin lafiya na ƙauye cewa hantar wannan ta fara gajiya, a tura shi gari tun da sauran ƙarfinsa.

Magani bai yi mini wuya ba kamar faɗa wa dangi. Likita ta ce lallai a gwada matata, da 'ya'yana, da duk wanda muka fito ciki ɗaya. Matata ba ta da cutar, aka yi mata rigakafi allura uku cikin wata shida. 'Ya'yana uku ƙanana sun tsira, domin an haife su a asibiti kuma sun samu rigakafin da Najeriya ta sa cikin alluran yara tun 2004. Babban ɗana kuwa, wanda aka haifa a ƙauye ba a kai shi awo ba, yana ɗauke da ita. Daren da aka ba ni takardarsa ban runtsa ba. Sau nawa na aske masa kai da rezar da na yi gyaran fuska? Sau nawa na yanke masa farce da abin da na yanke nawa? Alhamdu lillahi hantarsa lafiya take, ana duba shi a kai a kai, amma wannan nauyi har gobe yana ƙirjina.

Sai Inna. Na ɗauko ta daga ƙauye da sunan duba hawan jini. Gwaji ya nuna tana da ita, ta kai shekara 70 cutar na kwance ba ta taɓa ta ba. Da aka yi mata bayani cewa uwa na iya ba jariri wajen haihuwa, kuma cikin jarirai 10 da suka kamu kusan 9 cutar ke zama a jikinsu har girma, sai ta yi shiru. A mota muna komawa ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, ashe ni na ba ku? Ashe ni na kashe yayanka?" Na ce, "Inna, kada ki ƙara faɗin haka. Ba wanda ya san ta inda ta shigo, ko ta wurinki, ko ta askar wanzami. Lokacin da kika haife mu babu rigakafin ma a ƙasar nan." Ta yi kuka har muka isa gida. Ban taɓa ganin hawayenta haka ba ko a ranar rasuwar Yaya.

A shago ma na sha nawa. Wata rana na lura an ware mini kofi, yara sun daina sa hannu a kwanona. Ban yi fushi ba, na tara su na gaya musu abin da aka gaya mini: ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko musafaha, ko gumi. Ta jini ne, da saduwar aure, da haihuwa. Na biya wa su huɗu kuɗin gwaji, ɗaya ya fito da ita. Ban yi mamaki ba, domin a ranar asibitinmu an faɗa mana cewa binciken ƙasa na 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su sani ba.

Aka ɗora ni a kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, da gargaɗin kada in kuskura in daina ko da na ji garau, domin cutar na iya tasowa da ƙarfi. Aka ba ni maganin rage ruwan ciki. Aka zura mini na'ura ta maƙogwaro aka ga jijiyoyin da suka kumbura, irin waɗanda suka fashe wa Yaya, aka ba ni maganin rage musu matsi. Ƙwayar kemis da diclofenac da jiƙe-jiƙe duk aka hana ni. Suga kuwa da 'yar allurar insulin kafin abinci ake riƙe shi, matata ce ta fara koyo sannan ta koya mini. Girki ya sauya gaba ɗaya: gishiri ɗan kaɗan, dunƙulen ɗanɗano babu, kunun kanwa da na tashi da shi na haƙura. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ba ta shiga gidana, saboda gubarta na ƙara haɗarin kansar hanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da aka ce in riƙa cin abinci kafin in kwanta, ni da na yi wata takwas ina horar da kaina da yunwa. Likita ta ce daren mai irin hantata ɗaya kamar yunwar kwana biyu ko uku ne ga mai lafiya, in rumbu ba komai sai jiki ya koma cin naman kansa. Shi ya sa damatsana suka zube. Yanzu kullum wajen ƙarfe 10 akwai dafaffen ƙwai, ko alale, ko kindirmo ba suga.

Azumin 2022 shi ne jarrabawar da ta fi kowace. Kafin faɗuwar da na yi a shago, tun ina shekara 12 ban taɓa shan azumi ba. Likita ta ce kada in yi. Na je wurin malaminmu ina fatan ya ba ni wata ƙofa. Ya saurare ni har na gama, ya karanto mini ayar Suratul Baƙara da ke cewa Allah sauƙi yake nufi da mu ba tsanani ba, ya ce in ciyar da miskini a madadin kowace rana. Ya ce, "Wanda ya ce ka yi azumi shi ne ya ce mara lafiya ya sha. Duk biyun biyayya ce." Duk da haka ranar farko da na ja labule a ƙuryar shago na buɗe kwano da azahar, yara na aiki bakinsu a bushe, abincin ƙin wucewa ya yi. Na ci ina hawaye. Sai da aka yi kwana goma kafin zuciyata ta sauko.

Yau shekara huɗu da wani abu ke nan. Ruwan ciki ya janye, ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, makina ya sauko daga 8 zuwa 6, na koma rukunin A. Tabon bai tafi ba, kuma duk wata shida sai an yi mini hoton ciki da gwajin jini don neman kansar hanta tun tana ƙarama. Duk lokacin da ranar ta matso barcina raguwa yake yi. Na rage karɓar ɗinkin Sallah, na rasa wasu masu kawo mini aiki, kuɗin magani kuma na cin rabin abin da nake samu. Matata ta sayar da 'yan kunnenta na aure a shekarar farko ba ta gaya mini ba sai daga baya.

Cikin mu shida da muka rage, biyar mun yi gwaji, uku muna da cutar. Saura autanmu, direba ne, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma abin da ba ka sani ba ba ya hana ka barci. Da Babbar Sallah da muka haɗu a ƙauye na ga yana ta shan ruwa, ya tashi zagayawa sau uku muna zaune a tabarma ɗaya. Na yi masa magana ya share. Na sa Inna ta yi masa, ya ce to. Talata mai zuwa ce ranar hotona, na riga na karɓo masa kati. Na gaya masa zan biyo ta gidansa bayan sallar asuba, kada ya karya kumallo.